A Sauke Karatu a Kai Gida

   Magana ce ga iyaye da malamai da ɗalibai, musamman na Tafoki da Daudawa da Sheme da 'Yankara da Mairuwa, da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Sharhinmu na yau a kan wayar hannu ne da karatun 'ya'yanmu. Wanda ke da biro da takarda a kusa, ya jawo su. Zan ambaci sunayen wasu shafukan intanet, kuma ina so a rubuta su.

Amma kafin sunaye, ga maganar da nake so ta zauna a zuciya. Shafin da zai amfani ɗan Tafoki shi ne wanda za a iya sauke darasinsa a cikin waya, a tafi da shi gida, a karanta ko babu sabis. A sauke, a kai gida, a zauna da littafi da biro. Za ku ji na maimaita wannan, kuma da gangan ne.

Me ya sa na fara da haka? Domin mun ɗanɗana. A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu a faɗin ƙasar nan. Yaran manyan birane da yawa suka koma karatu ta waya da kwamfuta. Namu kuwa, in an samu, sai darasin rediyo. Ba a gama farfaɗowa ba, a watan Disamba na wannan shekarar, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kwashe ɗalibai sama da 300. Allah ya kuɓutar da su, amma an rufe makarantun kwana, kuma tsoro ya shigi iyaye. Sai kuma watan Satumba na 2021, aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda tsaro. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa duk suna ciki. Watanni muka yi, in mutum yana son ya ji muryar ɗan'uwansa sai ya yi tafiya.

To, wanda ya ga wannan ba zai ɗora karatun ɗansa a kan sabis kaɗai ba. Ko yau da layukan suka dawo, kun san yadda ake yi. Wani sai ya hau tudu. Wani sai ya jira tsakar dare. Data kuma kuɗi ce, caji ma kuɗi ne. Wanda rijiyarsa ke nesa ba ya zuwa da moɗa, da jarka yake zuwa ya ciko ya kawo gida. Haka za mu yi da intanet.

Kuma hanyar tana nan, mun ma saba da ita. A kowace kasuwa akwai shagon masu tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a waya. Yaro ya kai memori, a cika masa, ya biya ya tafi. Matasanmu sun iya tura abu daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, ba tare da data ba. Wannan hanyar da fim ke bi, ita darasi zai bi. Kullum akwai mai shiga Funtua, inda zai samu sabis: direba, ko ɗan kasuwa, ko malami da ya je banki. Mutum ɗaya ya sauke, unguwa guda ta samu.

To, masu sauraro, mu shiga sunayen. Mu fara da ƙanana, 'yan firamare.

Na farko shi ne African Storybook. Wata ƙungiya ce ta Afirka ta Kudu ta kafa shi, don tara ƙananan littattafan labarai masu hotuna a cikin harsunan Afirka. Akwai na Hausa a ciki. Kyauta ne. Ana iya sauke littafi a ajiye a waya, ana kuma iya bugawa a takarda. An kasa littattafan mataki-mataki, daga mai 'yan kalmomi a shafi zuwa mai dogon labari. Kada a raina wannan. Babbar matsalar makarantunmu daga nan take tashi. Yaro ya kai aji huɗu, aji biyar, bai iya karanta jimla ɗaya ta Hausa ba. Yaron da bai iya karatu da harshen da yake magana da shi ba, da wuya ya iya da Turanci. Wannan ne ya sa aka yi shirin RANA a jihohin Katsina da Zamfara, na koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa. Uwa da ta yi ko da firamare ce, ko yaya namiji, ko yaya mace, za su iya zama da ƙaramin yaro bayan sallar magariba su karanta labari ɗaya. Yaro ya bi da yatsa. Gobe shi ne zai karanta, a saurare shi.

Na biyu namu ne na gida, sunansa Nigeria Learning Passport. Ma'aikatar ilimi ta tarayya ce ta ƙaddamar da shi a watan Maris na 2022, tare da UNICEF da kamfanin Microsoft. Kyauta ne shi ma. Amfaninsa a kan sauran shi ne an tsara darussan bisa abin da ake koyarwa a makarantun Najeriya, daga firamare zuwa sakandare. Akwai darussa da Turanci, akwai da Hausa. Yana da manhaja a Play Store. Yaro zai yi rajista, ya zaɓi ajinsa, ya ga darussan da suka dace da shi. In iyaye za su riƙe suna ɗaya tak daga wannan sharhi don ɗan firamare ko ɗan ƙaramar sakandare, to su riƙe wannan.

Yanzu mu haura babbar sakandare, inda lissafi da kimiyya ke kayar da yara.

A rubuta Khan Academy. Khan ɗin, K-H-A-N. Wani mutum ne a Amurka mai suna Salman Khan ya fara koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga nesa a 2004. Daga nan ya riƙa ɗora darussan a YouTube, har a 2008 abin ya zama ƙungiya mai koyarwa kyauta. Abin da nake so a wurinsa shi ne haƙuri. Malamin yana rubutu a allo, yana tafiya daki-daki. In ba ka gane ba, ka mayar baya sau goma, ba mai yi maka tsawa, ba mai yi maka dariya. Ɗan aji biyar na sakandare da yake jin kunyar ya ce bai iya raba lamba ba, a nan zai koma tushe a ɓoye ya gyara. Manhajar tana ba da damar sauke bidiyo a kalla daga baya.

Sai dai akwai abu biyu da zan gaya muku gaskiya. Turancinsa na Amurka ne, yana yi wa kunnenmu sauri. Maganinsa a rage gudun bidiyon, a kunna rubutun da ke fitowa a ƙasa. Sannan tsarin karatunsu ba namu ba ne. Yaron da ya shiga ba tare da ya san abin da yake nema ba, zai ɓata data a kan darasin da ba za a tambaye shi ba. Don haka a fara duba abin da malami ya koyar a aji wannan makon, a nemi wannan darasin kaɗai a sauke.

Ga kimiyya kuma, a rubuta PhET, wato P-H-E-T. Jami'ar Colorado ce ta Amurka take gudanar da shi. Wanda ya kafa shi a 2002, Carl Wieman, masanin Fiziks ne da ya samu lambar yabo ta Nobel. Ɗakin gwaje-gwaje ne a cikin waya. Yaro zai ɗauko batir da wayar lantarki da ƙwan fitila a kan allo, ya haɗa su da yatsa, ya ga fitila ta kama. Ya ƙara batir, ya ga haske ya ƙaru. Ya haɗa ba daidai ba, ya ga abin da zai faru, ba tare da ya ƙona komai ba. Akwai na Kimistiri, akwai na Bayoloji, akwai na lissafi. Kowane gwaji ana iya sauke shi, ya yi aiki babu intanet. Ga makarantar da ɗakin gwajinta ba kayan aiki, wannan taimako ne babba. Amma ban ce ya wadatar ba. Ranar jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO, kwalba ta gaske da ruwan sinadari na gaske za a ajiye wa yaro. Dole hannunsa ya taɓa riƙe su. Wannan nauyi yana kan gwamnati da shugabannin makarantu, kuma waya ba ta sauke musu shi ba.

To, yanzu ga inda zan ɗan daɗe, domin a nan ne muka fi yin asara. Maganar jarrabawar fita sakandare da ta shiga jami'a.

Hukumar WAEC tana da wani sashe a shafinta na intanet da take kira e-learning. A nan take ajiye tambayoyin shekarun baya, tare da rahoton manyan masu duba jarrabawa. Ku saurara da kyau. Mutanen da suke ba da maki su ne suka zauna suka rubuta: ga tambayar da muka yi, ga amsar da muke nema, ga inda ɗalibai suka faɗi. Kyauta, kuma rubutu ne, ba ya cin data sosai. In ka karanta za ka ga kurakurai iri ɗaya suna dawowa shekara bayan shekara. A lissafi, yaro ya rubuta amsa bai nuna hanyar da ya bi ba. Ko ya samu amsa daidai, ya manta bai sa ma'auni ba, mita ne ko kilogiram. A Bayoloji, ya yi zane bai sa masa suna ba, ko ya ja layukan nuni ba da rula ba. A Turanci, a ce ya rubuta wasiƙa ga shugaban makaranta, ya rubuta kamar wadda zai aika wa abokinsa. Waɗannan ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Rashin sanin abin da mai dubawa ke nema ne. Maki nawa 'ya'yanmu suka zubar a kan irin wannan? Ina roƙon duk malamin da ke koyar da 'yan ajin ƙarshe, ya karanta rahoton darasinsa kafin ya shiga aji. In da hali a buga shi a takarda a manna a bango.

Ita ma hukumar JAMB tana da shafi mai suna IBASS, wato I-B-A-S-S. Abu biyu ke ciki. Akwai silabos na kowane darasi, wanda ke nuna iyakar abin da za a tambaya. Akwai kuma kundin da ke nuna darussan da kowane kwas yake buƙata a kowace makaranta. Mai son likitanci ko aikin jinya, bayan Turanci sai Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Mai son injiniya, dole lissafi ya shiga. Mai son lauya, sai ya kula da adabin Turanci. Yaro nawa suka ci maki mai kyau, amma aka ce musu darussan da suka haɗa ba su dace da kwas ɗin ba? Shekara guda ta tafi, kuɗin fom sun tafi. Sau da yawa yaro ne ya je wurin rajista, aka tambaye shi, ya faɗi abin da ya ji abokinsa ya faɗa. Wanda ke son Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Kwalejin Isa Kaita, ya duba wannan shafi tun yana aji huɗu na sakandare. Tun lokacin zaɓen kimiyya ko fasaha ake yanke wannan hukunci.

Ga kuma kwamfuta ita kanta. Tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB gaba ɗaya. WAEC ma ta fara yi wa masu zaman kansu da kwamfuta a 2024, kuma gwamnatin tarayya ta bayyana cewa nan ne take son sauran jarrabawar su nufa. Ku yi tunanin yaron da ya taso daga ƙauye, ya kwana a gidan dangi a birni, ya shiga ɗaki cike da na'urori, kuma ranar ce ta farko da zai zauna gaban kwamfuta. Agogo yana gudu a kan allo. Ko ya san amsa, hannunsa rawa yake yi. Alhali abin ba wuya. Haruffa ne 'yan kaɗan. A da B da C da D don zaɓen amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙawa in an gama. Shafuka irin su Myschool suna da tsofaffin tambayoyi da yaro zai gwada kansa da agogo. JAMB ma tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske. Duk wanda ya samu hali ya yi ta. Kada ranar jarrabawa ta zama ranar koyon danna madanni.

Sauran darussa zan wuce su da sauri. Don gyara Turanci, akwai BBC Learning English, da gajerun darussa na sauraro da za a iya saukewa. Don darasin Hausa, shafin Amsoshi yana da rubuce-rubuce masu yawa a kan harshe da adabi da al'ada. Don darasin addini, shafin Quran.com yana ɗauke da fassarar Hausa ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, kodayake karatun Alƙur'ani a gaban malami ake ɗaukarsa, wannan don bita ne. Malamai masu son ƙara sani kuma, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, ta sa littattafan kwasa-kwasanta a shafinta, kowa na iya saukewa.

Akwai kuma Wikipedia ta Hausa, mai dubun-dubatar maƙaloli. 'Yan sa-kai ne ke rubuta ta, saboda haka wata maƙalar ta nuna, wata ɗanya ce. A fara da ita, a tabbatar a littafi ko wurin malami. Abin da ya sa na kawo ta shi ne wata manhaja mai suna Kiwix, K-I-W-I-X. Da ita ake sauke Wikipedia ɗungurungum a cikin waya, a yi ta bincike ko an datse layi.

Shugabannin makarantu da 'yan kwamitin iyaye da malamai, wannan taku ce. Akwai manhaja mai suna Kolibri, kyauta. Ana sa ta a kwamfuta ɗaya, a kai ta inda akwai sabis mai ƙarfi, a loda mata darussan Khan da na PhET da littattafan yara. In an dawo da ita makaranta, wayoyi da kwamfutocin da ke kusa za su iya shiga cikinta ba tare da intanet ba. Kwamfuta ɗaya, da faranti ɗaya na sola. Wannan abu ne da ƙungiyar ci gaban gari, ko tsofaffin ɗalibai da ke aiki a Kaduna da Abuja, za su iya ɗauka. Wannan ita ce maganar da na fara da ita, an dai faɗaɗa ta ne: a sauke, a kai gida.

Yanzu bari in juya ga haɗari, domin akwai shi.

Duk lokacin jarrabawa za ku ga saƙonni a WhatsApp da Telegram. Wai turo kuɗi a ba ka amsoshi da dare kafin a shiga. Wai turo kuɗi a ƙara maka makin JAMB. Ƙarya ce, kuma damfara ce. WAEC da JAMB sun sha yin gargaɗi a kai. Wani a cinye kuɗinsa. Wani ya kwafi amsar banza. Wanda aka kama kuwa, a riƙe sakamakonsa ko a soke shi. Iyaye, ina roƙonku don Allah, kada ku zama ku ne masu ba da kuɗin. Kuma kada yaro ya ba kowa lambar NIN ɗinsa ko lambar sirrinsa ta JAMB a intanet.

Sannan ga waɗannan na'urori masu amsa tambaya, irin ChatGPT da Meta AI da ke cikin WhatsApp. Suna iya yi wa yaro bayani mai kyau. Suna kuma iya yin kuskure su faɗe shi kamar gaskiya. Yaron da ke ba su aikin gida ya kwafe, ranar jarrabawa zai shiga shi kaɗai. In za a yi amfani da su, a ce su nuna hanya, sannan a rufe waya a sake yin aikin da kai.

Na san abin da wasu iyaye ke faɗa yanzu haka a gefen rediyo. Waya ita ce ta lalata yara, ya za a ce mu miƙa musu? Tsoronku yana da tushe, ban raina shi ba. Amma ku lura da amfanin saukewa. In darasi yana cikin waya, ana iya kashe data, ko ma a cire layi, kafin a miƙa wa yaro. Ba TikTok, ba hira. A sa lokaci sananne, awa ɗaya bayan la'asar ko bayan isha'i. A zauna a tsakar gida inda ido ke gani. Littafi da biro a gefe. In an gama, baba ko mama su ce a nuna musu abin da aka rubuta. Ko ba ka yi boko ba, za ka bambance shafin da aka cika da wanda aka bari fari.

Kuma don Allah kada a bar 'ya'ya mata a baya. A gidaje da yawa namiji ne ke samun waya, mace sai kallo. Alhali ita ce aka fi cirewa daga makaranta in hanya ta yi tsoro. Ita ce ta fi zama a gida. Asibitocinmu na neman ungozoma da ma'aikatan jinya mata, kuma makarantar ungozoma tana nan Malumfashi kusa da mu. Ba a shigarta sai da sakamako mai kyau a kimiyya. In wayar gida ɗaya ce, a raba lokaci tsakanin wa da ƙanwa.

Magana ɗaya ga hukuma kafin in rufe. Duk abin da na lissafa taimako ne ga makarantar da ke buɗe, mai malami a ciki. Ba zai zama hujjar barin aji babu malamin lissafi ba. Ɗan Tafoki yana da haƙƙin hanya mai aminci zuwa makaranta, da malami, da ɗakin gwaji, kamar ɗan birnin Katsina. Za mu ci gaba da neman wannan.

Masu sauraro, lokaci ya ƙure mana. Ga roƙona na wannan mako. Ɗalibi, zaɓi darasi ɗaya da ya fi ba ka wuya, ka nemi wanda zai shiga Funtua ya sauko maka da shi. Malam, ka duba rahoton WAEC na darasinka kafin Litinin. Mai shagon turi, ka ware wuri a kwamfutarka don darussa, ka tura wa 'yan makaranta ko da a rabin kuɗi ne. Wanda bai samu rubuta sunayen ba, ya tambayi malamin makarantar garinsu. Allah ya ba mu zaman lafiya a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka.